Ƙarƙashin Makiyayata

Shanuna goma sha tara na kiwo a gindin dutsen Jura,
ƙararrawa a wuyan kowace, ciyawa har gwiwa.
Ƙarƙashin kofatansu, gaba hamsin cikin ƙasa,
akwai rami mai zagaye kamar zobe,
inda masana ke gwara ƙwayoyin da ido bai taɓa gani ba
don su ji da me aka gina duniya.

'Yata Clarisse can take aiki.
Ran Lahadi takan hauro, ta sha miyar albasa,
ta ce, "Inna, kwantar da hankalinki,
mun yi lissafi, mun sake, mun ba wasu sun duba.
Ramin nan ko cokali ba zai haɗiye ba."
Na yarda da ita. Ni na koya mata ƙirge
da ƙwai a kwando, kuma tun tana rarrafe ba ta iya ƙarya.

Amma ni mai cuku ce, shekara arba'in,
na san abin da ba a gani shi ke mulkin tukunya.
Wata shekara marigayi Aurèle
ya wanke hannu, bai wanke bokiti ba.
Waya ce ta yi ƙara, ya je ya ɗauka, shi ke nan.
Curi tamanin suka kumbura a ɗakin ƙasa,
suka yi ta tsagewa cikin dare, ɗaya bayan ɗaya.
Aurèle ba mugu ba ne.
Gajiya ce kawai, da waya.

Shi ya sa ba azzalumi nake tsoro ba,
mai zare ido da yatsa kan maɓalli.
Wannan kowa na kallonsa.
Yaron kirki nake tsoro, ran Juma'a da yamma,
a wani bene a garin da ban iya faɗin sunansa ba,
wanda ya raini ƙwayar cuta don ya gano maganinta.
Safar hannunsa ta huje, hujin bai kai bakin allura ba,
bai ji ba, ya ruga kada jirgin ƙasa ya bar shi,
ya isa gida, ya sumbaci goshin 'yarsa,
ya ce ta kwana lafiya.

Clarisse ta yi dariya, sannan ta daina.
Ta ce akwai masu son fesa ƙura a sama
su rage wa rana kaifi, ƙanƙarar duwatsu ta huta.
Na ce, in hannunsu ya zarce fa?
Wa ya taɓa tsame gishiri daga miya?

Ta ce akwai injin da ake koya wa tunani,
a ba shi umarni, ya bi sau da ƙafa.
Sai na tuna karenmu Filou.
Na ce ya koro tumaki, ya koro su,
ya yi ta koro su har bakin kwazazzabo.
Uku suka faɗa.
Ya dawo yana kaɗa jela, yana jiran lada,
don a ganinsa ya yi biyayya.

Ban ce a toshe ramin ba.
Ba don masu farar riga irinta ba,
da sanƙarau ya ɗauke ta tana wata tara.
Abin da na roƙa, tana ɗaure igiyar takalmi:
in kin gaji, ki ce kin gaji.
In waya ta yi ƙara, ƙyale ta ta yi.
In ƙaramin cikinku ya ce a dakata, a dakata,
ko da manya za su ji kunya.

Fitilar motarta ta gangara, ta ɓace.
Na fita da tocila na ƙirga shanu. Sha tara.
Na durƙusa na kara kunne a ƙasa,
tsohuwa da wauta,
ban ji komai ba sai sanyin raɓa.
Daren cukun nan ma ban ji komai ba
kafin na farko ya tsage.

Na koma ciki na wanke bokiti, na sake wankewa.
Akwai tatsa da asuba,
in an bar mana safiya.