Zaren Wuyan Ayalnesh

Kwana arba'in ke nan yau, Emaye.
Na hau tudun Gojjam da takalmin birni,
laka ta cinye shi tun daga gangaren Abbay.
Matan ƙauye sun kwana suna toya injera,
ni kuwa na tsaya a ƙofar bukkarki
kamar baƙon da ya manta yadda ake sallama.

Ba ki iya karatu ba.
Amma Zaburar babanmu mai bangon katako
tana rataye cikin jakar fata, sama da murhu,
hayaƙi ya mai da ita launin gasasshen kofi.
Kafin zakara ya yi cara kina taɓa ni da ƙafa:
"Gebeyehu, karanta mini."
Ina karantawa ina hamma.
In na tsallake layi don mu gama da wuri
sai ki ce, ko juyowa ba ki yi ba,
"Koma baya. Dawuda bai faɗi haka ba."

Laraba da Juma'a ba nama, ba madara, ba man shanu.
Cikin dogon azumin da ke kai mu Fasika
na taɓa satar ƙwai na shanye ɗanye a bayan rumbu.
Kin ga ɓawon, kin tsince, ba ki ce uffan ba.
Da dare na ji sunana a addu'arki
har sau uku.
Da ma dukana kika yi, da ya fi sauƙi.

Shekarar da ƙanƙara ta kwantar da tef a gona
buhu biyu muka kwasa inda aka saba goma sha ɗaya.
Kika auna rabon coci tukuna.
Yayata Tiringo ta riƙe bakin buhun tana kuka,
kika ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya,
kika ce wanda ya ba ki goma sha ɗaya bara
bai mutu bana ba.
Mun ci ganye wata biyu.
Har yau ban san ko na yafe miki wannan ba.

Kada su ce ke waliyyiya ce, zan ƙaryata su.
Harshenki ya fi barkonon berbere zafi.
Kin yi wata shida ba kya gaida Abba Tsige
saboda akuyarsa ta cinye miki kabeji,
amma ko Lahadi ɗaya ba ki fasa ba:
ki lulluɓa farin mayafi, ki tuɓe takalmi,
ki sumbaci gicciyen da ke hannunsa
kina harararsa ta gefen ido.

Da ake sabunta katangar cocin Maryamu
kin ɗauki dutse a baya, daga rafi zuwa tudu,
kina ƙirga sawu da sunayen 'ya'yanki,
har da biyun da ƙyanda ta ɗauke.
Su ma, kin ce, suna da rabo a ginin.

Ranar da zan tafi Addis ba ki yi kuka ba.
Kin duba wuyana ko zaren baftisma na nan,
kin ja shi ki ga ko zai tsinke,
kika cusa mini gasasshen sha'ir a aljihu,
kika koma ga shanunki.

Na cire zaren a shekarata ta biyu, Emaye.
Ban taɓa gaya miki ba.
Kullum na zo gida sai in rufe maɓallin wuya,
ke kuma ba ki taɓa tambayar dalili ba.

Ɗazu Tiringo ta miƙo mini ƙullin tsumma.
Naki ne a ciki, ya yi baƙi da gumin shekara saba'in,
da ƙaramin gicciyen da ya siɗe don shafawa.
Ta ce kin ce a ba ni,
wai kin lura tuntuni wuyana yana jin sanyi.

Ana kirana in zo a raba abinci.
Na sauko da Zaburar, na kaɗe toka.
Zan fara daga inda na saba tsallakewa.