Abin da Na Yi wa Caji

A Gawon Nama nake da rumfa:
teburi guda, janareto, igiyoyi sittin da biyu.
Wayar da ta suma ni nake tashinta.
Naira ɗari, ka dawo bayan la'asar.

Wata Laraba, bazara na narka kwalta,
Zayyanu ya miƙo mini wani abu
kamar alƙalami ya yi ƙiba,
kamar kwalbar turare ta koyi numfashi.
"Baba Haliru, sa mini wagga."
Na ce, ita kuma fa?
Ya yi dariya. "Ba taba ta ba, Baba.
Ba toka, ba ashana, ba wari.
Shaƙa ka ji, mangwaro na."
Na shaƙa. Wallahi mangwaro ne.
Na karɓi ɗari, na soka mata igiya.

Yaron nan lamba bakwai yake bugawa
a filin bayan Giginya.
In ya ja ƙwallo ta gefen layi
iska ma kaucewa take yi.
Kafin in gama danna na'urar lissafi
ya gaya mini cinikin yini, har da bashi.

Da fari duk bayan kwana biyu.
Sannan safe da yamma.
Daga baya ya daina barin rumfar,
yakan tsaya a kaina yana leƙen jar fitila,
yana cizon farce,
ta yi kore? Har yanzu ba ta yi ba?
Na ga mai jiran mota, na ga mai jiran albashi,
ban taɓa ganin jira mai rawar hannu irin wannan ba.

Sau biyu ya tambaye ni canjin da ke aljihunsa.
Inna Tumba ta ce barci ya ƙaurace masa,
littafinsa sati guda a buɗe a shafi ɗaya,
ƙanensa ya taɓa masa abar, ya mare shi.

Wata magariba ya kamo hannuna,
ya ɗora a ƙirjinsa. "Baba, ji nan."
Shekara tara ina kwana da inji,
na san kukan wanda ruwa ya shiga mansa:
gudu, gudu, gudu,
shiru,
sannan gudu.
Na ce zafin gari ne, ka sha ruwa.
Na ce haka, na kuma karɓi ɗari.

Minti ashirin da take wasa ya durƙusa,
ba wanda ya taɗe shi.

A Asibitin Koyarwa likita ta warware takarda
mai zane kamar dangar da awaki suka haura.
Ta ce, nikotin ba ya buƙatar toka.
Bulala ce a bayan zuciya,
yana tsuke hanyoyin jini,
jini ya hau, ita kuma ta yi ta sukuwa ba linzami.
Ta ce, ƙwaƙwalwar ɗan sha tara
ɗanyen siminti ce, ko na Kalambaina ne,
ba ta gama bushewa sai wajen ashirin da biyar.
Duk abin da ya taka ta yanzu
sawunsa zai daɗe.

Bai mutu ba, alhamdu lillahi.
A benci yake zama ranar wasa,
yana taunar goro don bakinsa ya sami aiki,
in wani ya ja ƙwallo ta gefen layi
sai ƙafarsa ta motsa ita kaɗai.

Abar tana cikin durowata, a mace.
In na buɗe neman canji
mangwaro ya buso mini a fuska.

Jiya yara biyu da rigar sakandare
suka kawo tasu, mai ƙamshin kankana.
Na ce ba gurbi.
Suka dubi gurabe goma a sarari,
suka dube ni,
suka tsallaka titi, wajen Maccido.
Na bi su da ido har suka miƙa ɗari.

Igiyoyi sittin da biyu gare ni,
mai fadin baki, mai tsini, ta tsohon yayi.
Na juya su ɗaya bayan ɗaya daren jiya.
Babu wadda ke shiga ƙirji.