Almakashin Cikin Huhu

Ƙarfe shida na yamma a Matosinhos,
hayaƙin gasa kifi ya cika titin bakin teku.
Amadeu na zaune a ƙofar gida, robar iska a hanci,
koma a kan cinya, allurar katako a hannu.
Shekara arba'in yana jan taru a Atilantika,
yau matakala uku sun gagare shi.

'Yarsa Zulmira ta sauko daga jirgin Porto
da warin sabulun ɗakin bincike a yatsu.
Tun safe take sunkuye kan madubin ƙara girma,
tana kallon yankan huhu, siriri kamar ɓawon albasa,
an rine shi da shuɗi da ja.

Ya ce, faɗa mini abin da ke ci na,
amma ban da yaren likitoci.

Ta ce, Baba, ba ci ba ne. Saƙa ake yi maka.
Tsakanin ƙwayar halitta da 'yar'uwarta
akwai fili, filin kuwa ba fanko ba ne:
zare a miƙe, zare a gicciye, kolajin sunansa.
A kansa ƙwayoyin ke zama, da shi suke jingina,
ta jikinsa suke jin labarin juna
yadda kake jin kifi a igiya tun ido bai gani ba.
In wuri ya yage, sai ƙwaya ta saki sinadari,
ɗan aike marar ƙafa,
ya je ya buga ƙofar masaƙa: ku tashi, an yi ɓarna.
Su fito su zuba zare.

A bayansu masu almakashi, inzayim,
kowanne da ƙwayar tutiya a haƙori.
Ba su san tausayi ba, ba su san ƙeta ba.
Su datse tsohon zare, su buɗa hanya,
jijiyar jini ta samu wurin ratsawa,
saƙon da aka ɗaure cikin saƙar ya kuɓuta.
Kowane almakashi kuma yana da mai riƙe masa hannu
kada ya wuce gona da iri.

A huhunka ɗan aiken bai koma gida ba.
Yana nan yana bugu, dare da rana.
Masaƙa na ta zubawa, masu yanka an riƙe su.
Wuri ya yi tauri,
taurin kansa ya zama sabon kira,
masaƙa su ji shi a tafin ƙafa, su ƙara himma.

Tsoho ya yi tari, dogo, busasshe.
Wani jirgin dakon kaya ya yi ƙugi a Leixões.
Sai ya ɗaga komar ta fuskanci rana,
haske ya zubo masa a fuska, murabba'i-murabba'i.

Ya ce, na taɓa yin yaron jirgi, Belmiro,
hannunsa da kyau, amma yana tsoron wuƙa.
In koma ta yage, sai ya ɗora ɗinki kan ɗinki,
ba ya cire ko tsinke.
Kafin bazara ta fita ta zama buhu,
ruwa ba ya wucewa,
mu shida muka kasa jawo ta.
Koma ai rabinta ido ne.

Zulmira ba ta ce masa za a warke ba.
Ba ta sani ba, kuma ya san fuskarta.
Akwai faranti na sha bakwai a firjin ɗakinsu
inda almakashin ya ɗan motsa ranar Talata,
ɗan kaɗan, ƙila ma kuskuren awo ne.
Ta riƙe wannan a baki kamar gishiri.

Ya laluba aljihu, ya miƙa mata wuƙar,
ƙotarta ta sha hannu har ta yi santsi.
Ya nuna wani tsohon ƙulli da babban yatsa.
Nan, ya ce. Bar zare biyu a gefe,
su za su riƙe sabon.

Ta yanka.
Injin iska na ta huci a bayan ƙofa.