Eh ko A'a

A asibitin Maraɗi
aka miƙo mini bik da takardar galahanga,
tambaya goma.

"Kana jin sautin da wasu ba sa ji?"
Ina ji. Fitilar ɗakin nan ma kuka take.
"Kana kallon mutane cikin ido?"
Ni da Inna ta kwaɓa tun ina ƙarami,
wai rashin kunya ne.
Wane gida zan cika?

Shekara ashirin ina ɗinki a Bagalam,
ana cewa Nomau miskili ne.
Yau takarda ta ƙirga shida.

Likita ta ture ta gefe:
"Wannan sallama ce a bakin zaure.
Shigo. Faro daga farko."

Na faro daga maɓallan
da nake jerawa ƙarƙashin keken Baba.