Kwano

Ranar da na sauka Aujara da takardar aiki,
Alhaji Barau ya nuna min ɗaki da bakin sandarsa,
ya ce, "Kafin damina, Malam, za ka ga kwano."
Bai yi ƙarya ba.
Ga kwano a bakin ƙofa, ga kwano a kan tabarma,
ga na tuwo ƙarƙashin azarar da gara ta cinye.
Bakwai na ƙirga a dare guda,
kowanne da irin kukansa.

Ruwa ya shigo ba sallama,
ya bi tsagar bango, ya sauka kan rajistar 'yan aji huɗu,
ya haɗa sunan Tasi'u da na Ladidi ya mai da su shuni.
Uwani ta sungumi jinjiri ta koma lungu,
ta ce, "Kai mai koyar da lissafi,
dubu huɗu a wata,
nawa ke nan kowane ɗigo?"

Sau uku ina zuwa ƙofarsa.
Na farko yana gona.
Na biyu ya ce a bari a yanke riɗi.
Na uku ya ce gini da ruwa tsohuwar gaba ce,
shi ba ya shiga tsakani.
Amma in wata ya ƙare
babur ɗin yaronsa bai taɓa ɓatan hanya ba.

Ran Talata shadda ta rufta.
Laraba sai ga duba-gari da littafi a hammata,
ya leƙa, ya toshe hanci,
ya ce, "Wa ke kwana a nan?" Na ce ni.
Ya ce, "To, kai doka ta gani."
Na ce, "Mai gidan fa, ba ta san shi ba?"
Ya ce, "Ta san shi. Suna gaisawa."
Ya yanka min tara, ya miƙo rasidi.
Shi ma a leda na ƙulle shi, kada ya jiƙe.

Tunkiyar Uwani ta tafi kasuwa ba ta dawo ba.
Ɗan'azumi magini ya kawo ƙasa mangala shida,
ya sauya azara, ya daɓe rufi,
ya kafa sabon indararo, ya bi bango da makuba.
Kwana tara muka yi barci irin na masu gidan kansu.
A na goma Alhaji ya shigo, ya ɗaga kai,
ya shafa bango da tafin hannu,
ya ce, "Masha Allahu.
Ɗaki irin wannan ai ya wuce dubu huɗu."

A nan ne na nufi ƙofar dagaci.
Aka baje tabarmi a gindin darbejiya,
aka tono wata takarda da sakatariya ta aiko tuntuni,
ta kwana biyu a akwati har ɓera ya ci gefenta.
Magatakarda ya karanta inda ɓera ya bari:
rufi da bango da makewayi, a wuyan mai gida suke;
shara da kwata na ɗan haya ne;
wanda ya yi gyara da aljihunsa, a cire masa a kuɗin haya.
Alhaji ya ce, "Tun kakana ba a taɓa haka ba."
Dagaci ya ce, "Kakanka bai ba da haya ba, Barau,
baƙi yake saukewa."

Wata biyar ba zan biya ko sisi ba.
Ya amsa a gaban jama'a yana kallon takalminsa.
Bayan la'asar ya aiko yaro:
ƙaninsa zai dawo daga kurmi bayan salla,
kuma zai buƙaci ɗaki.
Takardar ba ta ce komai a kan ƙane ba.
In ma ta ce, yana cikin ɓera.

Ga Uwani can tana wanke kwanukan,
tana jera su ɗaya cikin ɗaya.
Ta ce, "Kada ka ba da aron ko guda.
Ba mu ga rufin gaba ba tukuna."