Albasa a Aljihu

Na shigo Tawa da albasa guda a aljihu,
ƴar Galmi, ja mai shiga shuni,
wadda na zaro daga rudu jiya da la'asar.
Ba don miya na kawo ta ba.
Shaida ce.

Alhaji Gado ya kira daga Abijan:
"Hoton da ka turo, kayan sun koɗe.
Rage jaka biyu kan kowane buhu."
Buhu ɗari uku fa!
Kamyo na tsaye, direba na cin kuɗin kwana,
ni kuwa ina rantsuwa da gonar ubana
ga mutumin da ya fi yarda da gilashi.

Rumfar Nomau na bakin tasha,
inda hayaƙin mota ke gaisawa da na tsire.
Ya jera mini biyu bisa tabarmar roba.
Ta fari faffaɗa, kamar allon ɗan sauka.
Ya ce, "Baba, pus bakwai saura kaɗan."
Na ce mene ne pus?
Ya ce babban yatsa ne, da shi Nasara ke awo.
Na ɗora nawa, wanda hauya ta daddaƙe,
na ƙirga biyar, gilashi ya ƙare.
Yatsan wa aka auna?

Ta biyu ƴar siririya,
ta kwanta a tafina kamar ta san gidan.
Jaka goma sha biyar ta ɗara babbar.
Na ce, yaro, a garinmu
buhun da ya fi cika shi ya fi kuɗi.
Ya yi dariya, ya ce ɗige-ɗigen cikinta
sun fi ƙanana, sun fi matsuwa.
Wannan na gane.
Iri ma idan ka watsa shi sakaka,
ƙasa ce za ta yi ta leƙowa.

Sai na fito da shaidata.
Ɗauki wannan, na ce, da kowacce.

A inuwa babbar ta yi abin kallo:
albasata ta koma amarya,
ja ya yi jawur har ya zarce,
irin jan da ban taɓa shukawa ba.
Na ce mu fita rana.
Ciniki ai ba a ɗaki nake yinsa ba.

Rana tsaka, babbar ta makance.
Na kare da hula, na karkata, na runtse,
ban ga komai ba sai gemuna.
Ƙaramar ta daure.
Ga shunin, ga bushin wuya,
ga ma tabon da farcena ya bari a ɓawo.

Ana haka yatsana ya zame,
ido ya juyo kaina.
A babbar na ga wani ɗan arba'in,
goshi sumul, kamar bai san bashi ba.
Na daɗe ina kallonsa, ba zan ɓoye ba.
A ƙaramar kuwa, ga furfura ɗai-ɗai,
ga kunyoyin da rani sittin ya ja a fuskata,
ga haƙorin da goro ya cinye.
Na ce Nomau, wannan ba ta da kunya.
Ya ce, "Ko kaɗan."

Lambobinta ƙanana ne, idona ba ya kai musu.
Habsu za ta riƙa karanta mini,
da ma don me na kai ta lakwal?

Na kwance lalita, na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Ya rage mini jaka ɗaya, ya ƙara da riga.
Albasar na bar masa ladan wahala,
ya ce matarsa za ta yanka a dambu.

A mota na tura wa Alhaji sabon hoto.
Har Badagishiri bai amsa ba.
Can na tuna
ban san irin gilashin da ke hannunsa ba.