Tulunan Gwamma

Tulu bakwai na fasa wa Gwamma ranar Alhamis,
tsakanin Mirya da Damagaram.
Ban hau dutse ba, ban kauce wa akuya ba.
Hanya ce ta yi gargada,
mota ta bi ta da tsalle kamar maraƙin da ya tsinke igiya.
Gwamma ba ta yi faɗa ba.
Ta tsuguna tana tsince tsingaro a bakin zane,
ta ce, "Mutari, sati uku ina gininsu."
Da ma zagina ta yi.

A Tudun Jamus, Ila makanike ya danna goshin motar da hannu biyu, ya saki.
Ta tashi, ta koma, ta tashi, ta koma,
kamar mai gaida surukai.
Ya zura hannu bayan taya,
yatsunsa suka fito da baƙin mai.
"Amortisar ta mutu," in ji shi,
"lafiyayya sau ɗaya take tashi, ta tsaya."

Muka kwance tsohuwar, muka naɗe ta a buhun siminti,
sai shagon Barma, bayan Kasuwar Dole.
Iri uku ya shimfiɗa mana a tabarma.
Ga wadda ta zo a kwali da hatimin kamfani,
jikka arba'in guda ɗaya.
Ga wata ja jawur, tana ƙyalli kamar kwanon amarya,
biyu talatin, har da ragi in na yi magana.
Ga kuma ta Kwatano, an kwanto ta daga jikin wata mota
da ta gama zamaninta a ƙasar sanyi,
ashirin-ashirin, tsatsa a wuya.

Arba'in da biyar ke aljihuna,
biyar ɗin ma na cefanen Fasuma ne.

Na ce a ba ni ta kwalin, guda,
ɗayan gefen ya jira kaka.
Ila ya tofar da asuwaki.
"Ka taɓa ganin wanda ya sa sabon takalmi a dama,
hagu kuma silifa?
Biyu ake canzawa, ko a bar su su mutu tare."

Ya kafa jar a ƙasa, ya ɗora mata ƙirji.
Ta nutse ba gardama, ta taso fit, da ɗan tsaki.
Barma ya juya yana neman wani abu a kanta.
Ya kafa ta Kwatano.
Sai da jijiyar wuyansa ta fito kafin ta sauka,
ta kuma taso a hankali, a hankali,
kamar tsohon da ba ya son a kama masa hannu.
Ya shafa sandar da farce, ba kurji, ba danshi.
Ya jera ta da tsohuwar tamu,
ya auna tsawo da zaren buhu,
ya ƙirga ramukan noti, ya sake ƙirgawa.
Huɗu ya gwada kafin ya sami biyu masu numfashi ɗaya.

Barma ya ce ba garanti.
Ila ya ce ya sani.
Ni na ƙirga kuɗi da yawu a yatsa.

Alhamis ta zagayo.
Gwamma ta ƙi shiga gaba,
ta hau baya, cikin kara da tuluna talatin da biyu,
tafin hannunta a kan na sama.
Inda gargadar take, na ɗaga ƙafa kaɗan,
na kasa kunne.
Ba ƙwal, ba ƙas, sai kukan inji.

A kasuwa ta sauke su ɗaya-ɗaya,
tana ƙwanƙwasa kowanne da zobe.
Ta gama, ta ɗaure kallabi.
"Na yau sun iso," ta ce.
"Bakwai ɗin can fa?"